Karo a Ɗakin Baba

Shekara tara Baba ya yi ba ya gani. Ciwon ido ne ya ci su a hankali, na hagu tukun sannan na dama, da muka kai shi likita a Damagaram aka ce mun zo a makare. Ya dawo Matameye ya shiga ɗakinsa, ya hana kowa tausaya masa da baki. In ka ce masa, "Baba, ga ƙofa nan," sai ya tsaya cak ya ce, "Ni na kafa ta." A waje yana riƙe sanda. A cikin ɗaki kuwa jingine ta yake yi a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya yi yawonsa daga gado zuwa akwati zuwa tulun ruwa ba tare da ya ko shafa bango ba. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala sai ya rage zuwa masallaci, salla ta koma ɗaki in ban da Juma'a.

Ina tsoron mahaifina, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, ina koyar da lissafi a kolej, 'yan lakwal, wato ɗalibaina, suna hango ni su nutsu, amma in Baba ya yi gyaran murya a ɗaka sai na waiga in ga ko na bar wani abu a kan hanya. Ko muna yara bai cika duka ba. Shirunsa ne abin tsoro. Yana iya yi maka shiru na kwana uku, ka gaishe shi ya amsa lafiya lau, amma kai ka san ya cire ka daga lissafi.

Daɓen ɗakinsa Inna ce ta yi shi, Allah ya jiƙanta. Tana cikin matan da suka iya daɓe na gaske, a buga a shafa makuba har ya yi baƙi yana sheƙi. Bayan rasuwarta babu wanda ya sake kula da shi. Matan gidanmu na yanzu ko madaɓi ba su taɓa riƙewa ba. Daɓen ya fara tsagewa, gara ta samu hanya, kuma a daminar da nake ba da labari kunama ta fito daga wata tsaga ta harbi Baba a dunduniya. Ya kwana biyu ƙafa a kumbure bai ce uffan ba. Sai Yayata da ke aure a Damagaram ta zo ta tafi da shi, wai ya yi sati biyu a wurinta a duba masa hawan jini. Mota na tashi na ce a raina, kafin ya dawo sai na sa wa ɗakin nan karo, irin falayen nan da ake jerawa a ƙasan ɗaki.

Matata ta ce in kira shi in gaya masa. Na ce in na gaya masa zai ce a'a, in ya ce a'a kuwa magana ta ƙare, kunama ta ci gaba da mulkinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma ban tambayi mai ɗaki ba.

Awo kam na yi shi da hannuna, don a nan ne nake jin kaina. Na fitar da gado da akwati da tulu zuwa rumfa, na ɗauko metir da kaye, littafin da nake lissafi a ciki. Ɗakin tsohon ginin ƙasa ne, wanda aka gina shi ya bi lanƙwasar lungu, babu kusurwarsa ko ɗaya da ta tsaya daidai. Bango ɗaya metir huɗu da ashirin, wanda yake fuskantarsa uku da casa'in, faɗi uku da rabi. Na raba, na ninka, na samu metir sha huɗu da ɗan ɗori. Karon da na zaɓa mai santimetir arba'in ne kowane gefe, shida da kwata ke cika metir guda, wato ɗakin zai ci tamanin da tara. Na ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka da fashewa, kamar yadda duk mai hankali yake yi. A butik ɗin da ke kusa da tasha, inda ake kawo kaya daga Kano, na samu irin wanda nake so, ruwan ƙasa mai kaushin fuska, don ba na son mai santsi ya kayar mini da tsoho. Kwali takwas ya rage musu, sha biyu-biyu a ciki, casa'in da shida ke nan. Na kwashe duka ina jin daɗin yadda lissafina ya zo kusan cif da abin da ke akwai. Da aka sauke a gida uku sun fashe a amalanke, ban damu ba.

Mai sa karon wani dattijo ne ɗan unguwarmu, mai yawan tsaki da ƙarancin magana, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a Kano kafin ya dawo gida. Shi tayil yake cewa, mu muna cewa karo, kowa ya riƙe nasa. Ranar da za a fasa daɓe na nuna masa wani wuri. Akwai wani ɗan tudu siriri a daɓen, tsawonsa bai kai metir guda ba, yana kwance a karkace tsakanin gado da bangon taga. Ya daɗe yana ba ni haushi. Duk sanda na shiga gaishe da Baba sai na ji shi a tafin ƙafata, in ce a raina ashe gwani ma hannunsa kan goce. Na ce wa mai karo ta nan za a fara. Da diga ta shiga sai ga fararen tsakuwoyi ƙanana a jere a ƙarƙashi, kusan girmansu ɗaya. Na kalle su, na kwashe da shebur na zuba a kan tarin ƙasa a ƙofar gida.

Muka daidaita ƙasa, aka zuba yashi, mai karo ya ja igiya ya bi bangon da ya fi miƙewa. Kafin la'asar ya jera layi biyu, karo ashirin, sun kwanta sumul. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, har na fara shirya abin da zan ce in Baba ya yi godiya.

Kashegari ranar kasuwa ce, Gwaggo ta zo daga Dawce. Ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gaishe da yayanta ta bar masa ƙuli-ƙuli. Ta ga gadonsa a rumfa, ta ajiye ƙullinta ta leƙa ɗaki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Kai, ina tudun nan?"

Na ce, "Wane tudu, Gwaggo?"

"Tudun da ke nan gaban gado. Kar ka ce mini kun fasa."

Na yi dariya na ce ai shi na fara sawa a fasa, wuri ne da ya kumbura tun asali. Gwaggo ta kama haɓa ta yi salati.

"Kumbura? Ni da uwarka muka jera tsakuwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, shekarar da idonsa na biyu ya tafi. Ta ga yana lalube in zai yi salla, kuma ka san shi, ya gwammace ya mutu da ya tambayi mutum ina ne gabas. Ta ce masa daɓe ya tsufa za ta sake. Daga gado taku uku ne, yatsunsa su taɓa tudun, ya shimfiɗa buzu ya kabbarta. Ita ba ta taɓa ce masa ga abin da ta yi ba, shi ma bai taɓa ce mata ya gane ba. To kai mai boko, da me zai sami alƙibla yanzu?"

Na tuna sau nawa na ga Baba ya sauko daga gado ya yi ɗan jan ƙafa, ya tsaya, ya yar da buzu, ni ina ganin baiwa ce kawai irin ta makafi. Na fita ƙofar gida da gudu. Tarin ƙasar na nan, an yi yayyafi da asuba ya jiƙa shi, awaki sun tattake. Na tsinci tsakuwa huɗu ko biyar na tsaya riƙe da su kamar wawa, don ko na tara su duka ban san inda suke kwance ba. Gwaggo ta biyo ni ta ce, "Garin neman gira ka tsone ido. Allah ya kyauta."

Ana ga wata sai ga wata. Da azahar Yaya ta kira ta ce likita ya sallame su, Baba kuma ya ce ba zai ƙara kwana a gidan suruki ba fiye da dole, ranar Alhamis za su taso. Ni da na sa ran Lahadi. Ta ce, "Lafiya na ji muryarka haka?" Na ce lafiya lau. Kwana huɗu suka rage mini, ɗakin mahaifina a fashe, gabas ɗinsa a kan juji.

Mai karo ya ce abin ba wuya. A gama aiki yadda aka faro, sannan ya ɗora ɗan siririn siminti a kai, a wurin da tudun yake. Na ƙi. Na ce tudu a kan ƙasa daban, tudu a kan karo daban. In tsoho ya yi tuntuɓe a daɓe zai tashi ya kakkaɓe riga, in ya yi a kan karo sai dai a ɗauke shi, kuma na san dattawa biyu a garin nan da karayar ƙugu ta kwantar har suka tafi. Wannan dalili gaskiya ne. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa da ban faɗa ba. Ina so in fito da abin da ya fi na Inna, don in Baba ya tambaye ni in sami abin cewa. Dabara ta faɗo mini: a juya karon gaba ɗaya, layukansa su bi alƙibla maimakon bango, a kuma buɗa tsakaninsu yadda yatsan ƙafa zai ji. Da tudu ɗaya gare shi, yanzu duk inda ya tsaya a ɗakin zai sami layi. Na ji daɗin kaina ƙwarai, Allah ya yafe mini.

Mai karo ya yi tsaki mai tsawo, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal. "Mushe, ka san abin da kake cewa? A karkace fa za a jera. Duk bango huɗun nan sai an yanka, ba guda ɗaya da zai zauna cikakke a gefe. Jeri a karkace cin tayil gare shi kamar gara. Nawa ka ce ka ƙara?"

"Ɗaya cikin goma."

"Ko biyu cikin goma da ƙyar. Ga waɗannan ashirin ɗin kuma siminti ya kama su tun jiya."

Na ce a ɗaga su. Ya sa bakin cokalin gini yana bi a hankali, ni ina tsugune ina ƙirgawa. Duk wanda ya ce ƙas sai in ji a haƙorina. Bakwai suka fashe. Na koma kaye: tamanin da shida suka rage lafiyayyu, ko jeri na miƙe ba za su isa ba, na karkace kuwa yana neman ɗari da biyar. Na hau moto, babur ɗina, na koma butik. Mai butik ya ce ai ni na kwashe na ƙarshe, kuma ko an sake kawowa ba lallai a sami irinsa ba, don masu yi suna canja launi kamar masu atamfa. Na zaga duk inda ake sayar da kayan gini a garin, na buga waya Kance, na sa wani abokin aikina ya duba mini a Damagaram. Babu. Abin da na samu mai girman nan kwali guda ne na wani shuɗi mai ƙyalli, santsi kamar an shafa mai.

Da na kawo shi mai karo ya juya ɗaya a hannu ya ce, "To mene ne? A cakuɗa su kawai. Ai ba ya gani."

Ban san sanda na daka masa tsawa ba, dattijo sa'an babban wana. Na ce ba ya gani da ido, amma ƙafarsa ta fi idon ni da kai, kuma in ya taka wannan da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, kai za ka ɗauke shi? Ya ajiye karon. Daga baya na ba shi haƙuri, don na san ba shi nake jin haushi ba. Muka yanke cewa shuɗin nan ba zai zauna ko'ina ba sai ƙarƙashin gado, can ciki inda ƙafa ba ta kaiwa.

Saura sanin gabas ɗin kansa. Wayata tana da abin nuna alƙibla, amma a cikin ɗakin kibiyar rawa take yi, yanzu ta nuna taga, an jima ta nuna kusurwa. Na tafi masallacin unguwa tsakanin la'asar da magariba, na ɗora ta a kan layin sahu na ga abin da take cewa a can, na dawo na gwada. Gwaggo, wadda ta ce ba za ta koma Dawce ba sai ta ga ƙarshen wannan aika-aika, ta nuna wata ƙusa a bango inda Baba ke rataye carbi, ta ce da ita Inna ta yi saiti. Muka ja igiya daga inda ƙafar gado take zuwa ƙusar. Waya da masallaci da ƙusa suka yarda da juna, bambancin bai wuce yatsa biyu ba. A ranar wannan ne kaɗai abin da ya sanyaya mini rai.

Kwana biyun da suka biyo ban ci abincin kirki ba. Na zana ɗakin a takarda mai gida-gida, na zana jerin karo a wata takarda shara-shara na ɗora a kai ina juyawa, ina matsawa sama da ƙasa, ina neman wurin da yanka zai fi ƙaranci. In ɗaki mai kusurwa daidai ne, guntun da ka yanke a wannan bango shi zai cike na gabansa. Namu kuwa kowane bango da ra'ayinsa. Na ƙirga, ya ce saura sha tara. Na matsa da jerin rabin karo, ya ce sha shida. Na shigar da fasassun guda goma cikin lissafi, kowanne na auna abin da za a iya fitarwa daga jikinsa, ya sauko sha uku. Ina da shuɗi sha biyu. Guda ɗaya tak ya tsaya mini a wuya, ni da nake tsawata wa yara in sun ce lissafi ya ƙi fita.

Da takarda ta gaza sai na fita tsakar gida. Na shata ɗakin a kan yashi da tsinke, daidai da awonsa, ni da mai karo muka jera karon a bushe tun daga igiya har gefe. Kowane guntu na rubuta masa lamba da alli, wannan na bangon taga, wannan na bayan ƙofa. Hadari ya haɗo daga gabas muna tsakiyar aiki, iska ta fara share shatin, matata tana kwashe shanya tana cewa mu shigo. Na ƙi tashi. A can bayan ƙofa muka gano cewa guntaye biyu ƙanana za su iya zama a madadin guda, a wurin da ƙyaure ke rufewa. Lissafi ya fita ba ragowar ko ɗaya. Mai karo ya ce, "Mushe, in hannuna ya goce sau ɗaya fa shi ke nan." Na ce na sani.

Ranar Laraba ya yi yankan. Ƙarar injin yankan tana shiga mini har ƙwaƙwalwa, duk guntun da ya ɗaga sai na riƙe numfashi har ya ajiye shi. Hannunsa bai goce ba, Allah ya saka masa. Wajen tazara muka sake yin gardama. Shi ya saba barin kaurin tsinken ashana, ni na ce a bar kusan kaurin ɗan yatsa, kuma kar a cika simintin ya zo daidai da fuska, a bar shi ya ɗan faɗa. Ya ce datti zai taru, aikin kuma zai yi muni, mutane su ce shi ya yi. Na ce in an tambaya ya ce ni ne. Ya yanka kwali ya ninka yana cusawa a kowane haɗi, tsaye da kwance, har ɗakin ya cika.

Alhamis da safe aka wanke, aka mayar da gado a kan sawunsa na da, akwati a wurinsa, tulu a wurinsa. Shuɗin ya ɓace a ƙarƙashin gado kamar babu shi. Na cire takalmi na tsaya ina fuskantar ƙusar, na rufe ido, na ja ƙafa. Yatsuna suka faɗa cikin layi, a fili, ba ko shakka. Na kira Gwaggo ta gani. Ta taɓe baki ta ce, "Ni dai ba ni ce mai ɗaki ba."

Sun iso bayan la'asar ta ɗan gota. Yaya ta shigo da jaka, Baba na biye da sandarsa, ya ɗan rame, ya amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce salla ta same su a hanya, a ba shi buta. Ya yi alwala a inda ya saba, ya nufi ɗaki, ya jingine sanda, ya cire takalmi. Ya sa ƙafar dama a ciki, ya tsaya. Ya daɗe a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Wane ne nan?" ya ce.

"Ni ne, Baba."

"Ɗakin wa na shigo?"

Na durƙusa a bakin ƙofa na kwashe labari duka, har da kunama, har da tudun. Na ce ban san abin da yake ba sai da Gwaggo ta faɗa mini. Da na ambaci tudun sai na ga haɓarsa ta motsa. Na yi sauri na ce na gyara, an juya karon ya bi alƙibla, duk inda ya ji layi a ƙafarsa to gabas ke nan. Ina magana ina jin muryata kamar ta ɗan aji da bai yi aikin gida ba. Yaya da Gwaggo suna tsaye a bayana.

Ya shiga. Ya tafi a hankali, ba irin tafiyarsa ba, hannu ɗaya a ɗan miƙe, har gwiwarsa ta taɓa gado. Ya lalubo buzunsa a kai ya ɗauka. Ya juya ya yi taku ɗaya, yatsunsa suka sami layi. Ya tsaya. Ya ƙara ja, ga wani. Ya karkata ƙafar kaɗan, babban yatsansa ya faɗa cikin wanda ya gitta su, ya bi shi, ya kai mahaɗa, ya juya ya bi wani. Na ga yana zagaya karo guda ɗaya da yatsa, gefe huɗu, duka iri ɗaya.

A nan ne na gane. Karon nan tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne. Layin da ya bi gabas da wanda ya gitta shi ba su da wani bambanci a ƙafa, ni da kaina na sa aka buɗa su daidai wa daida. Ni da na gwada, sai da na kalli ƙusar sannan na rufe ido. Shi kuwa garin bin layukan ya juya sau biyu ko uku, gadon ma ya ɓace masa.

Bai tambaya ba. Ya zaɓi layi ɗaya, ya jera yatsunsa a kai, ya yar da buzu ya gyara shi da ƙafa. Ya miƙe ya daidaita tsayuwa yana fuskantar kudu, wajen akwati. Gwaggo ta dafa bayana da ƙarfi. Ya fara ɗaga hannuwa.

Ban taɓa gyara wa mahaifina komai ba tun da aka haife ni. Na taka karon nan, na isa bayansa kafin ya buɗe baki, na kama kafaɗunsa biyu. Ƙashi ne zalla a cikin rigar, ban san ya ƙare haka ba. Na ce, "Baba, ba nan ba ne." Na jira ya ture hannuna, ko ya ce shi ya gina ɗakin. Da ya yi haka da na ji sauƙi. Sai kawai ya saki jiki, na juya shi kamar yadda ake juya yaro za a sa masa riga. Na sunkuya na ja buzun na daidaita masa.

"Nan ne?" ya ce, a hankali.

"Nan ne, Baba."

Ya tsaya, hannuwansa a sake. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "To. Kar ka yi nisa, magariba ta kusa."

Ya tayar da kabbara.